Ɗakin da Hajjo Ta Kulle

"Na kulle ta."

Adawiyya ta ajiye cokalin kunun, ta kai kunnenta daf da bakin tsohuwar. Wannan ce magana ta farko da Hajjo ta yi tun ranar da aka sauko da ita daga bayan motar kaya a sume, ɓarin jikinta na dama ya mutu. Likita ya duba ta, ya ce hawan jini ne, ya ce a mayar da ita gida a yi ta addu'a. Kowa ya san abin da likita ke nufi idan ya fara aika mutane wurin addu'a.

"Me kika kulle, Inna?"

"Mussa. 'Yar Bukari. Tana ɗaki."

Bakin ya karkace, maganar na fita da ƙyar, amma Adawiyya ta ji ta sarai. Ta fara ƙirga kwanakin da suka yi da barin Zango, sai ta daina, don ba ta son ta san adadinsu.

Hajjo ba uwarta ba ce. Maƙwabciya ce da suka raba katanga shekara da shekaru a Zangon Wagadugu, unguwar da Mosawa ke kira Zangwetin. Daga Dogon Dutse aka kawo ta tana amarya, mijin ya rasu, ba ta haihu ba, ta ci gaba da zama a ɗakinta na soro tana sayar da daddawa da kuka da busasshen kifi. Bakinta ba daɗi, ba ta bar kowa ba a layin, amma duk yaron da aka haifa a can ya taɓa kwana a bayanta. Da gwamnati ta ce za a rushe unguwar a gina sabon gari, aka yanka wa mutane filaye can bayan gari, wurin da kowa ke kira Taram, Adawiyya da mijinta Mannir ba su ko yi shawara ba, suka sa tsohuwar cikin kayansu.

Gidan Bukari mai sayar da taya ne ya fara tashi a layin. Suka kwashe komai, har ƙusoshin bango sai da suka zare, suka bar kyanwarsu, wadda Hajjo ke ce wa mussa, tana zaune a kan dokin ƙofar da babu ƙofa. Wata siririya ce mai ruwan toka, da tsagaggen kunne. Ta yi ta zagaya kangon tana kuka har Hajjo ta gaji da ji. Ta fito tana zagin Bukari da zuriyarsa, ta jefa mata kan kifi. Daga ranar kyanwar ta samu suna 'Yar Bukari, ta kuma samu kan kifi kowace safiya, amma ba ta taɓa yarda a taɓa ta ba.

Yanzu da guntu-guntun magana Hajjo ta ba da sauran labarin. Ranar tashi, tun da sassafe, ta yaudari kyanwar da kifi har cikin ɗaki, ta toshe 'yar tagar da tsumma, ta ajiye mata ruwa a murfin kwano, ta danna kwado. Nufinta idan mota ta dawo sahu na biyu ta zo da buhu ta ɗauke ta, don kyanwa ba a tafiya da ita ido buɗe, in ta ga hanya sai ta koma. Ba ta gaya wa kowa ba, ta san dariya za a yi mata. Sahu na biyun kuwa ba a yi shi ba, asibiti aka nufa.

"Ga makulli nan, bakin zanena," in ji ta. "Kwance."

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Ƙila ta samu hanya ta fita."

"Ni na toshe. Ba hanya." Hawaye ya gangaro daga idon da ke motsi. "Ke ba ki ji wa'azi ba? Matar nan."

Adawiyya ta ji. Duk wanda ya taɓa zama wurin wa'azi ya san labarin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba, har ta mutu, aka jefa matar wuta saboda ita. Mata kan ji labarin su girgiza kai, su koma gida su kori kyanwa da muciya. Hajjo kuwa ta ɗauke shi da gaske, kamar yadda take ɗaukar komai.

"Ai ke ba da gangan kika yi ba. Allah Ya san nufinki."

"Hannuna ya danna kwado, ɗiyata. Ban so in tahi da wannan." Ta kama wuyan hannun Adawiyya da hannunta na hagu, da ƙarfin da ba a zata ba. "Tahi ki buɗe. Ki dawo ki ce mini an buɗe."

Mannir ya fita da mota tun asuba, yana jigilar kayan wasu masu tashi. Adawiyya ta leƙa ta kan tarin bulo ta kira Rokia, matar Lassane, wadda filinsu ke manne da nasu. Rokia haifaffiyar Waga ce, mai kirki, mai saurin baki, irin mutanen da ba sa iya ganin shiru ba su cika shi da magana ba.

"Ki zauna da ita. Ki ba ta kunu kaɗan-kaɗan. Yanzu zan dawo."

"Saboda mussa za ki shiga wannan rana? To, bon, Allah Ya kiyaye. Yaba, ga ni nan, kada ki damu." Haka take kiran Hajjo, wato kaka da Mosanci.

Adawiyya ta ɗaura buhun shinkafa wanda ba komai a bayan babur ɗinta, ta ɗauki gorar ruwa da kifi guda biyu daga kwandon tsohuwar, ta kama hanya. Bazara ce, ranar ta fito da duk fushinta. Hanyar Taram ba a zuba mata kwalta ba tukuna, sai ramuka da jan ƙasa, ga motocin kaya na tahowa ɗauke da gadaje da kwanon rufi da tsofaffi a zaune a sama.

Da ta iso Zango ta tsayar da babur, ta rasa inda za ta dosa. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, amma ta tsaya tana dube-dube kamar baƙuwa. Babu layi, babu lungu. Shagon tela ya tafi, rumfar mahauta ta tafi, masallacin layinsu na tsaye ba rufi. Abin da ya nuna mata hanya shi ne bangon ɗakin matar Bukari, wanda aka shafa wa shuɗin fenti, yana tsaye shi kaɗai a fili. Bangon da maza ba su taɓa gani ba, yau ga shi kowa na kallo. Ta ji kunya ta kama ta, ba ta san ko ta wa ba.

Can gaba katafila na tsaye, bakinta a ƙasa, direban na zaune a inuwarta yana cin shinkafa da wake. Wasu maza na dukan kankare da guduma suna zaro ƙarafa. Wani mai hular kwano ya tare ta da hannu.

"Madam, ba a shiga nan."

"Akwai rai a ɗakin can."

Ya zabura. "Mutum?"

"Kyanwa."

Masu gudumar suka tsaya, suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce da Mosanci in ta mutu a bar ta nan, in kuwa da sauran rai a ba su ita, su sun san yadda za su yi da ita, akwai barkono. Adawiyya ta ji shi sarai. Ta dubi mai hular kwanon kawai, ta nuna masa makullin.

"Ta wata tsohuwa ce. Tana kan gargara."

Ya dubi makullin, ya dubi direban da ke suɗe hannu. "Kafin ya gama ya yi salla. In ya tayar da inji, ba ruwana."

An riga an buge rabin layin tun safe. Gidan Adawiyya ya zama tudu, ta taka kansa ta wuce ba ta duba ƙasa ba. Ɗakin Hajjo kuwa na nan tsaye a ƙarshen tudun. Ba wanda ya damu da shi, don ba kwanon rufi gare shi ba, ƙofar ma tsohon katako ce da gara ta ci. Katangar da suka raba ta faɗo ta toshe gindin ƙofar. Ta durƙusa ta yi ta kwashe ƙasa da hannu, tana jifa da guntayen tubali gefe, tana kira.

"'Yar Bukari. Mus, mus, mus."

Ba amsa. Ta sa makulli, kwadon ya buɗe ba gardama. Ta zare shi ta jefa cikin jakarta, ta tura ƙofar da kafaɗa.

Zafi da wari suka buge ta. Murfin kwanon na kife, a bushe ƙarau. Tsumman tagar an yage shi zare-zare, amma Hajjo ta dunƙule shi da kyau, bai fita ba. Bayan ƙofar, daga ƙasa har tsayin gwiwa, duk an kakkarce katakon, wani wurin da ɗigon jini. Adawiyya ta tsaya tana kallon wannan. Ta riga ta fara tunanin ƙaryar da za ta shirya wa tsohuwar.

Sai ta ga randa. Tsohuwar randar Hajjo ce, wadda aka bari don ta tsage, a kafe cikin yashi a kusurwa, da faifai da dutse a kanta. Ruwan da ya rage a ciki ya yi ta tsatsafowa ta tsagar, yashin gindinta ya yi danshi. A nan kyanwar ke kwance, ta haƙa ɗan rami ta manna cikinta da jikin randar. Ta ɗago kai, ta buɗe baki za ta yi gurnani, murya ba ta fito ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Adawiyya. Ta sake faɗa, ta sake.

Ta zuba ruwa a murfin kwanon, kaɗan, ta tura mata. Kyanwar ta daɗe tana kallonta kafin ta miƙa wuya. Ta sha, ta amayar, ta sake sha. Adawiyya ta marmasa kifi, ta zauna a ƙasa tana jira, don ta ga in ta sa ta buhu a haka cikin wannan rana, gawa za ta kai. Tana jin sanda direban ya yi sallama, tana jin sanda injin ya yi tari ya kama. Ƙasa ta fara zubowa daga azara. Sannan ta yafa wa kyanwar mayafinta ta damƙe. Ashe da sauran ƙarfi a jikin, ta tsaga mata bayan hannu har jini ya fito. Adawiyya ta yi dariya, ta ce, "Ja'ira, halin uwar ɗakinki kika ɗauko."

Ta fito da buhu a rungume. Mai hular kwanon ya ɗaga mata hannu, masu gudumar suka yi mata tafi. Ba ta waiwaya ta ga faɗuwar ɗakin ba, amma ta ji ta a bayanta.

A hanyar komawa murna ce fal cikinta, irin wadda ta manta da ita tun ranar da aka zo aka shafa jan fenti a ƙofofinsu, alamar za a rushe. Ta huda buhun don iska, ta rataye shi a gabanta, tana tuƙi a hankali tana kauce wa ramuka. Tana ta shirya yadda za ta faɗa. Ba za ta yi sallama ba ma, daga ƙofa za ta ɗaga murya. Ta san tsohuwar ba za ta gode ba, cewa za ta yi me ya tsayar da ke.

Tun daga nesa ta hango motar Mannir a ƙofar gida, alhali ba lokacin dawowarsa ba ne. Ta ga takalma a bakin ɗaki. Ta ga hayaƙi a bayan tarin bulo, an ɗora babbar tukunya. Sannan Mannir ya fito daga ɗakin da dogon karan dawa a hannu, irin wanda ake auna tsawon mamaci da shi, ya miƙa wa Lassane don a kai wa masu haƙa. Karan bai yi wahalar samu ba, bara war haka wurin nan gonar wani ce.

Ta kashe babur. Ba ta sauka ba sai da Mannir ya zo ya riƙe mata shi.

"Sai haƙuri," ya ce. "Bayan azahar kaɗan."

Rokia na zaune a gindin bango, idanunta sun kumbura. Da ta ga Adawiyya ta miƙe, da ta ga buhun na motsi sai ta koma ta zauna.

"Kin same ta? Da rai?"

"Me ta ce, Rokia?"

"Tana ta tambaya. Kowane motsi ta ji sai ta ce an buɗe? An buɗe? Har na rasa abin da zan ce. Sai Lassane ya dawo daga gari, ya ce ya bi ta tsohuwar unguwa, an buge layinku tun safe." Ta share hanci da bakin zane. "Sai na shiga na ce, Yaba, ki huta, an riga an rushe, babu sauran ƙofa, babu sauran kwado, magana ta ƙare. Wallahi don hankalinta ya kwanta na faɗa. Na ɗauka in ta ji ba ɗakin, shi ke nan."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce, da ita ciki." Rokia ta fashe da kuka. "Shi ke nan abin da ta ce. Ta juya fuska bango. Na ce a'a, ba haka nake nufi ba, Adawiyya ta tafi, ki jira ta. Ba ta ƙara dubana ba."

Adawiyya ta so ta yi fushi, ta nemi fushin ta rasa. Wa za ta kama? Lassane bai yi ƙarya ba, abin da ya hango daga titi ya faɗa. Ita kanta da ba ta zauna jiran kyanwa ta ci kifi ba, da ƙila ta riski tsohuwar. Baƙin ciki ne kawai ya cika mata ƙirji, mai nauyi, ba inda za ta ajiye shi.

"Ta yi kalmar shahada?"

"Na yi ta laƙƙana mata. Bakinta na motsi. Amma ban sani ba, Adawiyya. Ban sani ba ko ita take yi, ko mussa take kira."

Adawiyya ta cire takalmi ta shiga da buhun. An rufe Hajjo da zanenta na saƙi, ta ƙanƙance a kan tabarma kamar yarinya. Ta durƙusa daidai kanta, ta kwance bakin buhun, ta buɗe shi yadda kan kyanwar zai fito.

"Inna, an buɗe," ta ce. "Ga ta nan. Da ranta. Ta sha ruwa, ta ci kifi. An buɗe, Inna."

Ta faɗa da ƙarfi, yadda ake yi wa mai nauyin kunne magana. Matan da suka zo wanka suka tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Da ta gama, babbarsu ta ce a hankali a fitar da dabbar, za su fara.

Bayan la'asar aka kai ta. Mutanen ba su da yawa, don Zango ta watse, wasu na Taram, wasu sun kama haya a Wemtenga, wasu ba a san inda suka nufa ba. Matar da ta goya rabin layi, sahu biyu ba su cika a kanta ba. Liman ya yi addu'a, ya ce Allah ba Ya kama bawa da abin da bai yi nufi ba. Adawiyya ta ji daga inda mata suke, ta yarda da maganar. Abin da ke cin ta shi ne tsohuwar ba ta tafi da wannan a zuciyarta ba.

Da rana ta yi sanyi, masu gaisuwa suka ragu, Mannir ya same ta a ƙofar ɗan ɗakin ajiya, inda ta sa kyanwar tsakanin buhunan siminti. Ɗakin ne kaɗai a gidan ke da ƙofar ƙarfe.

"Ki kulle ta," ya ce. "Haka ake yi. Sai ta yi kwanaki a rufe tana ci tana sha a wuri ɗaya, sannan ta san nan ne gida. In kin bar ta a buɗe, da ta samu ƙarfi Zango za ta nufa. Kin kuwa ga abin da ke can."

"Na gani."

"Ko ba ta kai ba, karnuka na hanya, ga motoci. Ki kulle ta, don ita ne."

"Na ji, Malam."

Gaskiya ya faɗa, ta kuma sani. Ya tafi alwala. Ta laluba jakarta ta ciro kwadon Hajjo, makullin na jikinsa da guntun zaren bakin zane. Ta jawo ƙofar har ta kusa haɗuwa, ta saƙala kwadon a marfin. Saura ta danna. Daga ciki ta ji ƙarar farce a jikin ƙarfe, sau ɗaya, a hankali, irin na wadda ba ta da sauran ƙarfi.

Ta zare kwadon, ta tura ƙofar ta buɗe har bango. Ta kawo ruwa da sauran kifin ta ajiye a ciki, ta zauna a kan bulo a gefe.

Kyanwar ta sha ruwan. Ta fito tana tangaɗi, ta sansana dokin ƙofa, ta sansana takalman Hajjo da aka manta a waje. Ta ratsa tsakar gidan da ba shi da katanga, ta yi yunƙuri biyu kafin ta hau tarin yashin da ke bakin hanya. A nan ta zauna, ta naɗe wutsiya a ƙafafunta, ta juya tsagaggen kunnenta wajen gari.

Aka kira magariba daga wata rumfar kwano da ake salla a ciki kafin a gina masallaci. Adawiyya ba ta tashi ba tukuna. Kwadon na kan cinyarta, bakinsa a buɗe.